Takardu Biyu a Aljihuna

Ladanin maƙwabtanmu bai gama kiran asuba ba muka kama hanya, ranar wata Alhamis, mako uku ke nan da suka wuce. Mu biyu ne, ni da wani dattijo ɗan'uwana a majalisar ikilisiyarmu, mutum mai ciwon gwiwa da son abinci. Na ce masa ya zo ya raka ni mu dubo Iliya, domin labari ya iso mana cewa ƙafarsa ta kumbura har ya daina zuwa gona. Ban yi masa ƙarya ba, amma rabin maganar na faɗa masa. Sauran rabin yana aljihun rigata: takardu biyu, ɗaya ta tsufa har ta yi ja, ɗaya kuwa ko kwana uku ba ta yi ba da rubutawa.

An kwana ana ruwa. Daga ƙauyenmu zuwa Rurum ba wani nisa, amma a ƙarshen damina hanyar takan koma kamar an dama kunu. Muka naɗe wanduna, takalma a hannu, muna bin gefen kunyoyi. Dawa ta fi mu tsayi hagu da dama, raɓa na zubo mana a wuya. Abokin tafiyata yana tafe yana yi wa gwiwarsa faɗa kamar ɗan da ya ƙi aike. Ni kuwa na kasa tafiya a hankali. Sai in yi gaba, in tsaya in jira shi, in shafa aljihu, in sake yin gaba.

Bari in faɗi abin da ke aljihun tun yanzu, don wanda bai san mu ba ya gane abin da ya hana ni zama.

Ikilisiyarmu dattawa ke riƙe da ita. Jama'a ke zaɓensu. Mu bakwai ne, ga fasto na takwas, shi ma hannu ɗaya yake ɗagawa kamar kowa. Ni ne magatakardan majalisar shekara da shekaru, ba don wani ilimi ba, karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai don rubutuna yana karantuwa. Akwatin ƙarfe na ikilisiya a ɗakina yake, da littafin taro da hatimi a ciki.

Shekara takwas da suka wuce, lokacin da maganar Shari'a ta cika gari da ƙauye, mu Kiristocin wannan yanki muna cikin zulumi. Hausawa ne mu, nan aka binne kakanninmu, amma ba mu da yawa, kuma kowa gani yake in ba mu dunƙule wuri ɗaya ba za a tsince mu ɗaya-ɗaya. A wannan daminar ce ƙanena ya ci burtali. Kowace shekara yakan ƙara kunya ɗaya cikin hanyar shanu, har ta matse. Shanun wani Bafillace mai suna Buba suka bi inda suka saba bi, suka tattake dawar. Ƙanena ya kai ƙara gaban alƙali. Alƙali ya ce a kawo wanda ya san iyakar tun ta asali. Aka kira Iliya, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da wurin, mai bi ne kamar mu, tare aka yi mana baftisma a rafi ɗaya. Iliya ya je ya nuna dutsen iyaka inda yake. Ƙanena ya faɗi a shari'a.

Raina ya ɓaci, kuma akwatin yana hannuna. Na kira taron dattawa ranar da na san fasto ya yi tafiya. Mu uku muka zauna, alhali ƙa'idarmu ta ce sai da fasto da aƙalla huɗu. Ba mu kira Iliya ba, alhali ƙa'ida ta ce ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Na rubuta a littafi cewa ya tozarta ɗan'uwa a gaban na waje, an sa shi ƙarƙashin horo: zai koma bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake zagayawa da ita a faranti ga masu bi, har sai ya tuba. Fasto ya dawo ya tarar da abu a rubuce da hatimi, jama'a kuma na cikin fushi, sai ya sanar. Iliya ya yi abin da ƙa'ida ta ba shi dama. Ya rubuta takardar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gunduma, wadda ke bisa tamu, ya liƙe ambulan da ƙaro, ya kawo mini, don ta hannun magatakarda take bi. Na sa ta a ƙasan akwati, na ɗora littafi a kai. Sau uku yana tambayata, sau uku ina ce masa gunduma ba ta amsa ba tukuna. Da shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya yi gabas, wajen Kibiya.

A bana aka yi zaɓen dattawa, na ce na gaji da rubutu, zan sauka daga majalisa, a ba wani. Ina kakkaɓe akwati don in miƙa sai ga ambulan ɗin. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na zauna na rubuta sabuwar takarda cewa an ɗage wa Iliya horo, na buga mata hatimi, na ce zan kai masa da ƙafata, magana ta ƙare tsakanina da shi da Allah. Takardu biyun ke nan.

A Rurum muka wanke ƙafa a bakin wata rijiya, muka sami 'yan acaba biyu. Suka ce kuɗin damina daban yake da na rani, saboda wankin babur. Abokina ya yi ciniki har sai da na ce masa a bar shi haka nan, rana na yi. Wanda ya ɗauke ni ya ce in riƙe shi da kyau, in kuma na ga za mu faɗi in faɗi ta hagu, ta dama akwai salansa mai zafi. Ba mu faɗi ba, amma sau biyu na sauka na taya shi turi.

Hantsi ya ɗaga muka hango duwatsun Rano, sun yi kore shar, ruwa na tsattsafowa daga jikinsu. Tashar ta cika da 'yan kasuwa masu jiran motar Kano, ga buhunan sabuwar gyaɗa, ga kwandunan tattasai, ga kaji a ɗaure ƙafa-ƙafa. Kowane bango liƙe yake da hotunan 'yan siyasa, na bana a kan na waccan kakar zaɓe, ruwa ya wanke su har fuskar wannan ta hau hular wancan. Abokina ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba sai ya karya. Ya zauna gaban wata mai waina ya ci da miyar taushe, ya ƙara, ya kora da koko. Ni na sayi gasasshiyar masara ɗaya, na riƙe ta a hannu har ta huce ban ci rabi ba.

Motar Kibiya tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Aka sa mata a kujerar baya, maza a tsakiya, mu biyu a gaba don girman furfura. Direban wani Alhaji ne mai fara'a da yawan zance. Tun ba mu fita gari ba ya fara ba mu labarin wani da suka zaɓa a mazaɓarsu, wanda tun ranar rantsuwa ya tare a Kano, sai dai su gan shi a bango. Da ya ji inda muka fito da sunayenmu, sai ya ce wa abokina, "Malam, ku fa a cocinku wa ke naɗa babba? Daga Turai ake aiko muku shi?"

Abokina ya gyara zama, dama abin da yake so ke nan. "Alhaji, ai mun riga ku fara dimokuraɗiyya. Mu ba mu da sarki ɗaya. Jama'a su zaɓi dattawa, dattawa su zauna da fasto su yanke magana. Kowace ikilisiya ta aika fastonta da dattijo ɗaya su haɗu su zama majalisar gunduma. Gundumomi kuma su aika wakilai babban taro. Ko mai riƙe da kujerar taron, wa'adinsa na cika ya sauka ya koma benci."

"To in dattawan naku suka haɗa baki suka cuci talaka fa?"

"Sai ya ɗaukaka ƙara. Ya rubuta takarda ya ba magatakarda, ga shi nan kusa da kai, shi kuma dole ya kai gunduma."

"Dole?"

"Dole. Ko shi aka kai ƙara, shi zai ɗauki takardar."

Alhaji ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya dafa kafaɗata. "Ashe kai ne masinjan talakawa! Allah ya yi maka albarka, Malam. Da irinku muka samu a siyasa da tuni an gyara wannan titin." Na ce amin. Na roƙe shi ya ɗan sauke gilas, ya ce gilas ɗin ya shekara biyu a sauke, babu shi ma gaba ɗaya. Mota ta kwashe da dariya. Ni kaɗai nake gumi.

A Kibiya muka sauka ana shirin azahar. An gaya mana tun a gida cewa Iliya a wajen Tarai yake, sai muka sake hawa babura. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, gero an fara yanka, an jingina dammuna a jikin itatuwa, mata na tsinkar wake. Da muka isa muka tambayi wani mai shayi. Ya ce ya san mutumin sarai, dogo mai ɗingishi, wanda ba ya rantsuwa ko a ciniki. Amma ai ya tashi shekara biyu da suka wuce, ya koma wajen Fassi, kusa da wasu Filani da suka zauna suke noma. Abokina ya ciro wayar salularsa, wadda yake ji da ita kamar amarya, ya ce zai kira wani ya tabbatar. Babu sabis. Mai shayi ya nuna masa wani suri a bayan rumfa ya ce nan kowa ke hawa. Na tsaya ina kallon dattijon ikilisiya, mai gwiwa ɗaya da rabi, a bisa gidan gara, hannu a sama, yana kiran "Alo, alo." Bai samu ba. Ya sauko ya sha shayi don huce haushi.

Muka juya. Kafin mu kai Fassi wani rafi ya tare mu, ya kawo har ya shafe mashigi. 'Yan acaba suka ce nan iyakarsu. Mutane na zaune a gaɓa suna jiran ruwa ya janye, wasu na cin rake, wani ya shimfiɗa buzu yana salla. Kowa hankalinsa kwance sai ni. Na kafa kara a bakin ruwa don in ga ko yana raguwa, na je na dawo na duba ya fi sau goma. Abokina ya ce, "Kai, tun safe kake kamar wanda kunama ta shiga wandonsa. Dubiya muka zo ko biki?"

Can la'asar sai ga garken shanu ya gangaro, da wani tsoho a bayansu, sanda a kafaɗa. Ya tsaya ya ƙura mini ido, ya yi murmushi. "A'a! Yayan mai burtali ne nake gani?" Buba ne. Ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi, amma idon yana nan. Na rasa inda zan sa kaina. Muka gaisa, ya tambayi ƙanena da iyali kamar ba a taɓa yin komai ba. Da ya ji wurin wanda muka zo, ya ce ai gidansu ɗaya kusan, shi ya yanka wa Iliya gona a cikin tasa. "Mutumin da ya faɗi gaskiya a kaina danginsa suka juya masa baya, in bar shi yana yawo? Ku kama jelar wancan bijimin, ya san inda ƙasa take." Haka muka haye, ruwa har ƙugu. Na cire takardun na cusa cikin hula, na danne hular da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jelar sa.

Gidan Iliya ɗaki biyu ne da rumbu ɗaya, an kewaye da dangar kara. Muka yi sallama. Matarsa Saratu ce ta fito, da muciya a hannu. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Magatakarda! Ashe kana da ƙafa? Mun zaci gunduma ce ta riƙe ta, ba ta amsa ba tukuna." Abokina ya yi dariya don bai gane ba. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ba ta sake dubana ba.

Iliya na zaune a jikin bango, ƙafar dama a miƙe, ta kumbura ta yi ƙyalli. Idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Ya kira ni da sunan da ake kirana muna yara. Aka kawo kindirmo daga gidan Buba da fura, sannan tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Abokina ya yi wa tuwon adalci. Aka yi tambayar gida, waɗanda suka mutu, waɗanda suka yi aure. Na tambaye shi ko akwai majami'a kusa. Ya ce akwai wata 'yar ƙarama, tafiyar rabin sa'a, yana zuwa kafin ƙafa ta hana shi.

"A bencin baya yake zama," in ji Saratu daga bakin murhu. "Faston nan har gida ya zo ya ce, Baba, zo ka ci jibi, wa zai sani? Mai gidan nan ya ce shi zai sani. Wai ba shi da takarda daga ikilisiyarsa, horonsa bai ɗagu ba. Shekara takwas faranti na wuce shi."

Nan na ga lokaci ya yi. Na ciro sabuwar takardar na karanta masa da ƙarfi, cewa an ɗage masa horo, ya koma cikakken ɗan ikilisiya. Na sa masa a hannu. Na zaci zai yi kuka, ko ya yi godiya. Ya shafa takardar da yatsa har ya taɓa wurin hatimi. Sannan ya ce, "Madalla. Dattawa nawa suka zauna?"

Ya juya wajen abokina. "Kai ma kana wurin?"

Abokina ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce shi yau ya fara jin wannan magana, majalisa ba ta zauna a kanta ba.

"To," in ji Iliya, ya miƙo mini takardar. "Kai kaɗai ka ɗaure ni, yanzu kuma kai kaɗai ka zo kwance ni. Ikilisiyar taka ce? In na ci jibi da wannan, da hatiminka na ci, ba da izinin jama'a ba. Ni gunduma nake jira. Na rubuta musu."

Ban san lokacin da na ciro tsohuwar ambulan ba. Na ce, "Ga ta nan, Iliya. Ba ta taɓa barin ɗakina ba." Na faɗi komai, taron mutum uku, tafiyar fasto, ƙaryar da na yi masa sau uku. Saratu ta saki muciya ta shige ɗaki. Abokina ya dube ni irin duban da ban taɓa gani a fuskarsa ba cikin shekara arba'in. Iliya ya karɓi ambulan ya bi bakinta da ɗan yatsa. Ƙaron yana nan yadda ya liƙa shi.

"Ko buɗe ta ba ka yi ba," ya ce. Ya daɗe yana juya ta. "Abin da ke tsakanina da kai na yafe, tun kafin in bar gari. Amma wannan ba taka ba ce, ba kuma tawa ba ce. Yaushe gunduma za ta zauna?"

Abokina ya ce jibi Asabar, a wata majami'a bayan garin Rano, kuma shi ne wakilinmu na bana. Iliya ya mayar mini da ambulan ɗin. "Aikinka ne. Ka kai."

Mun kwana a ɗakin baƙi na gidan Buba. Washegari Juma'a Iliya ya ce da shi za a je, tunda shi ya nemi a kira shi. Saratu ta ce ƙafar ba za ta kai shi ba, ya ce kunne ake buƙata da baki. Buba ya ɗaura wa shanu biyu amalanke, aka shimfiɗa ciyawa, muka ɗora Iliya. Rafin ya janye zuwa gwiwa. A bakin titi Buba ya yi mana sallama zai tafi masallacin Juma'a, ya ce da ni, "Yayan mai burtali, ka dawo mini da shi lafiya, shi ke kore mini tsuntsaye da surutu." Duk tsawon hanyar Kibiya zuwa Rano abokina bai ce mini uffan ba. Ko a tasha bai nemi mai waina ba. Wannan ya fi mini zafi fiye da zagi.

Na sha halartar taron gunduma, amma ban taɓa zuwa a matsayin mai laifi ba sai wannan karon. Fastoci da dattawa sun kai talatin, a gauraye a kan benci, ba a ware babba da ƙarami ba. Mai riƙe da kujera a bana wani fasto ne ƙanƙani mai sanyin murya, da ƙararrawar makaranta a gabansa. Tun safe na miƙa takardun biyu ga magatakardan gunduma, ya ce sai an gama abin da ke jere. Aka yi ta magana a kan rufin wata majami'a da iska ta yaye. Aka kwashe kusan sa'a guda a kan ko taron mata na baɗi a yi shi kafin girbi ko bayansa. Wannan ya kawo shawara, wancan ya goyi baya, wani ya tashi ya ce ba a bi tsari ba, a koma baya. A da irin wannan jan ƙafa haushi yake ba ni, ina ganin mutum ɗaya mai hankali zai gama shi cikin minti biyar. Ranar kuwa ina zaune ina tunanin inda gaggawar mutum ɗaya ta kai mu.

Bayan azahar aka kira ni. Na tashi na faɗi abin da na faɗa a Fassi, ban rage ba. Wani dattijo ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ai ya wuce tun tuni. Mai kujera ya ce a buɗe a duba kwanan watan da ke jiki. Aka yage ambulan. Iliya ya rubuta ta cikin kwanakin da ƙa'ida ta ba shi, jinkirin na magatakarda ne. Aka ɗaga hannu, aka yarda a saurara.

Shekara takwas ina tsoron abin da ke cikin takardar nan, ina zaton sunana ne a ciki daga sama har ƙasa. Layi uku ce. Ya gai da majalisa. Ya ce an hukunta shi ba a kira shi ba. Ya roƙa a kira shi a ji ta bakinsa, in an same shi da laifi zai karɓi horon da hannu biyu. Babu sunana ko sau ɗaya.

Mai kujera ya ce, "Malam Iliya, majalisa ta kira ka. Muna saurare." Aka ce ya yi magana daga zaune, ya ƙi. Ya dafa kafaɗar abokina ya miƙe. Ya ce an tambaye shi inda dutse yake, ya nuna inda dutse yake. In an sake tambayarsa gobe, nan zai sake nunawa. Ya zauna. Aka fitar da mu waje, ni da shi da wakilinmu da fastonmu, don wanda magana ta shafa ba ya zama a yanke ta. Muka jira a gindin wata bishiyar ɗorawa. Da aka kira mu, aka karanta cewa horon ba shi da tushe tun farko, an soke shi, a rubuta haka a littafinmu a kuma sanar a gaban jama'a kamar yadda aka sanar da na farko. Takardata ta biyu ma an soke ta. Maganata kuwa aka mayar wa majalisar ikilisiyarmu, don ita ke da iko a kaina. Iliya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Wani mai mota daga cikin wakilai ya ɗauke shi zuwa bakin rafin Fassi, inda amalanke zai tarye shi.

Mu kuma muka bi ta Rurum muka iso gida da yamma, hanya ta ɗan bushe. A tsakiyar gonaki abokina ya fara yi wa gwiwarsa faɗa, daga nan ya zarce ya yi mini nawa, har ƙofar gida. Na ji daɗin faɗan.

Ranar Laraba majalisarmu ta zauna, duk bakwai ɗin da aka zaɓa a bana, da fasto. Suka aiko aka kira ni, suka ba ni kujera, suka ji ta bakina har na gama. Suka sa ni ƙarƙashin horo na wata shida. Sabon magatakarda ya rubuta wa Iliya takardar shaidar zama cikakken ɗan ikilisiya, ya kai da kansa. Ya dawo ya ce Lahadin da ta wuce an ɗauki Iliya a amalanke zuwa majami'arsu, Saratu ta zaunar da shi a bencin gaba, faranti ya tsaya a gabansa.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba mai yawa ba ne. Na bar gida ina zaton laifina ɗaya ne, na shekara takwas, ashe na biyun ma yana aljihuna ina ɗauke da shi a matsayin gyara. Tsarin nan namu na taro da ɗaga hannu da jiran a cika adadi, an yi shi ne saboda irina, mutumin da ya tabbata shi ke da gaskiya kuma akwati yana ɗakinsa. Ku masu riƙe da akwatuna yanzu, ku riƙa ɗaga littafi kuna duba ƙasa.

Lahadi biyu ke nan ina bencin baya. Daga can ƙeyar kowa kake gani, kuma faranti in ya zo layin da ke gabanka sai ya juya. Akwai kuma abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da na yi a gaba: kwanon rufi yana yoyo daidai kan wannan bencin. Tsohon yoyo ne, har ya ci katakon. Iliya ya yi damina guda a ƙarƙashinsa bai ce komai ba. Na rubuta takarda ina roƙon majalisa ta sa a gyara, na liƙe ta, na kai wa sabon magatakarda. Ya ce zai gabatar a zama na gaba. Ina jira.